Damisar Bunthan da Igiyar Shanya

Duk wanda ya taɓa hawa babur mai ƙafa uku na Bunthan daga bakin kwalta zuwa ƙauyenmu na Nong Pling ya san kuɗin abu ɗaya zai biya, amma abu biyu zai samu: tafiya, da labarin Bangkok. Kafin a wuce gonar rake, Bunthan ya karya mutum huɗu. Kafin a kai gadar katako, ya diro daga saman jirgin ƙasa ya faɗa bayan mota mai gudu, ko tokar sigarinsa ba ta zube ba. In ya ga fasinja bai girgiza ba, sai ya saki kan babur ɗin ya juyo gaba ɗaya don ya nuna yadda ake sauke gwiwar hannu a tsakar kai, fasinja na ihun "Kawu, rami! Kawu, dubi hanya!"

"Jaruman nan da kuke sakin baki kuna kallo a majigi," haka yake cewa yana murza gashin baki, "ni na tsara musu faɗa. Wani ma da ya zo hannuna, ko kwata bai iya tsallakewa ba."

Gaskiyar kuwa, wadda shi kaɗai ya sani a ƙauyen, shi ɗin ma ya kusa mantawa, ita ce fim ɗaya ya taɓa shiga a rayuwarsa, kuma gawa ya fito. Wani yaron kamfani ne ya tsinto shi a tasha yana saurayi, aka shafe masa fuska da taɓo aka kwantar da shi cikin gawarwaki. Jaruma tana tsakiyar kukan mutuwar ubanta, sai atishawa ta kufce wa gawa. Atishawar Bunthan kuma ba irin ta mutane ba ce. Hawa uku gare ta, tana ƙarewa da wani ɗan siririn kuka kamar an taka wutsiyar kwikwiyo. Aka kore shi, aka haɗa da yaron da ya kawo shi.

Abu ɗaya ne a jikinsa ba ƙarya ba: damisa biyu da wani tsohon malami ya yi masa jarfarsu a gadon baya, don kada duka ya shige shi. Kamar kowace jarfa irin wannan, da dokokinta ta zo. Ba ya bi ta ƙarƙashin igiyar da mace ta shanya zani. Ba ya shiga ƙarƙashin gida mace tana sama, da yake gidajenmu a kan ginshiƙai suke. Ba ya ratsa ƙarƙashin ayabar da ta yi 'ya'ya. Ranar da ya karya ɗaya, damisa sun tafi ke nan, sai dai tawada. Bunthan na iya yi wa kowa ƙarya, amma bai taɓa yi wa damisarsa wasa ba.

Sai kuma Lamduan. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ce mai kwaɗon ɗanyen gwanda a gindin tsamiya, kuma a bencinta Bunthan ya ƙarar da rabin wandunansa. Kullum yana zuba, ita tana daka barkono ba ta ko ɗaga kai.

"Yaya Bunthan," ta ce masa rannan, taɓarya na tafiya, "kunnena ya ƙoshi, idona ne ke jin yunwa. Ranar da na gan ka a jikin farin ƙyallen majigi kana yin abin da bakinka ke faɗa, ka aiko manya a yi magana. In ban gani ba, ka nemi wani bencin."

"Ƙanwata, ai da fim zai zo ƙauyen nan…"

"To, sai ya zo."

Bunthan ya koma gida hankali kwance. Wane fim ne zai zo Nong Pling, inda ko mai sayar da ƙanƙara sai an roƙe shi?

Ana saura 'yan makonni bikin haikali, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo gari tana tari. Direbanta wani siririn mutum ne mai jajayen idanu, sunansa Samruay. Shi ne darakta, shi ne mai kyamara, shi ne kuma mai saka murya ranar majigi, don fim ɗinsa babu sauti yake ɗauka, sai an haska ya kama makirfo ya yi maganar kowa, maza da mata har da karnuka. A bayan motar kuma wani ƙato ne kwance, ƙafa ɗaure da gora. Shi ne mai tsara musu faɗa. Ya diro daga motar rake, katifa tana hagu, shi ya yi dama.

Samruay ya tsaya gindin tsamiya ya ci kwaɗo yana zuba ƙorafi. Fitowa ɗaya ta rage masa, inda malamin jarumi zai tarwatsa 'yan fashi shi kaɗai. Gwangwanin fim ɗaya ya rage, wanda bai kai tsawon cin kwanon taliya ba. Kuma ya yi alkawarin haska fim ɗin a bikin haikalinmu.

"Ina zan samu mai tsara faɗa a cikin wannan gonakin shinkafa?" ya ce.

Duk wanda ke gindin tsamiya ya juya a hankali ya dubi benci.

Bunthan ya ajiye lomar shinkafar da ke hannunsa. Ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

"Ga shi nan," in ji Lamduan, ta nuna shi da taɓarya. "Shi ya koya wa mutanen Bangkok."

"Da gaske, Malam?" Samruay ya miƙe ya haɗa tafin hannu ya sunkuyar da kai. "Wane kamfani ka yi wa aiki?"

"Duka," in ji Bunthan.

Da ma "Malam" ɗin nan ce ta kashe shi. Ba a taɓa kiransa haka ba. Kafin rana ta faɗi ya tara samari takwas daga wajen koyon dambe, ya ɗauki kara yana zana tsari a ƙasa, gari ya kewaye shi.

"Ba irin faɗan yara za mu yi ba, a yanka nan a liƙa can," ya ce. "Ɗauka ɗaya, babu yankewa. Zan diro daga saman rumbu in kayar da biyu. In shiga lungun da ke tsakanin gidan Lamduan da shinge in kayar da uku. In haye bayan ɓaunar noma, in taso sama da gwiwa in sauka a ƙirjin shugabansu. Shi ke nan."

"Katifa nawa za a nemo?" in ji Samruay.

"Katifa?" Bunthan ya yi wata dariya ta hanci. Ya tuɓe riga ya juya baya don kowa ya gani, musamman mutum ɗaya.

To, lokacin da aka yi jarfar nan Bunthan siriri ne. Tun daga nan baya ya yi faɗi, damisa suka bi shi.

"Kai, kyanwoyin nan sun ƙoshi," in ji wata tsohuwa daga baya.

Washegari da safe aka fara gwaji. Shugaban 'yan fashi shi ne Piak, saurayin da ya fi kowa ƙafa a yankin, wanda ke karya kututturen ayaba da ƙwauri. An ɗaura masa baƙin ƙyalle a ka, an zana masa tabo da gawayi.

"Taho!" in ji Bunthan. "Harbo ƙafa a kaina!"

Piak ya taho a guje yana ruri. Da ya iso sai ya ja birki, ya haɗa tafin hannu, ya ce "Gafara, Kawu," sannan ya taɓa masa kafaɗa da gwiwa a hankali kamar mai korar ƙuda.

"Wane irin ɗan fashi ne yake neman gafara?"

"Wanda uwarsa ke kallo, Kawu."

"Piak!" aka jiyo muryar uwar daga cikin taro. "In ƙafarka ta wuce kafaɗar kawunka, ka nemi gidan da za ka ci abinci!"

Aka gwada da na biyu, wani dogo mai suna Jod. Shi ma haka. Na uku ma da zai wuce ta gaban Bunthan sai da ya ranƙwafa don kada kansa ya fi na babba tsawo. Samruay ya dafe goshi.

"Malam, 'yan fashina sun fi 'yan makaranta ladabi. Ko za ka nuna musu yadda ake yi?"

Bunthan ya ja baya, ya busa iska ta hanci, ya yi ihu ya cilla ƙafa. Ƙafar ta tashi har daidai gwiwar Piak. Wandon kuma ya ce ɓarrr daga gaba har baya.

"Haka ake yi a Bangkok yanzu," ya ce yana tafiya a karkace. "Ƙasa-ƙasa. Kyamara ta fi so."

Da ya dawo da sabon wando, ya dawo da dabara. Tunda neman gafara ne ke cin lokaci, a yi shi gaba ɗaya tun kafin a fara. Aka kawo faranti da furanni da kyandir, samarin nan takwas suka durƙusa a gabansa, shi yana zaune a kan kujera kamar mai gari.

"Ku shaida," ya ce da ƙarfi yana satar kallon gindin tsamiya, "duk abin da ƙafarsu ko gwiwarsu za ta yi mini yau, a kai ne ko a wuya, na yafe tun yanzu. Babu zunubi, babu ƙara wajen iyaye. Ku daka da gaske! Damisa za su karɓa!"

Samarin suka dubi juna.

"Duka, Kawu?" in ji Piak. "Komai da komai?"

"Komai da komai."

Piak ya waiga ya dubi uwarsa. Ta ɗaga kafaɗa. "Shi ya faɗa."

Nan fa Bunthan ya ga wani abu ya sauya a idanun yaran. Piak ya tuna zakaransa na faɗa da babur mai ƙafa uku ya bi ta kansa bara. Jod ya tuna wanda ya gaya wa uban budurwarsa inda suke haɗuwa. Wani ya tuna ranar da aka zubar da shi cikin taɓon shinkafa da kayan zuwa ɗaurin aure, saboda direba ya juyo yana nuna gwiwar hannu. Yatsu suka fara ƙas, ƙas, ƙas.

"Amma fa," in ji Bunthan, "fasaha ba ta son gaggawa…"

"Mun gode, Kawu!" suka ce baki ɗaya, suka miƙe suna ɗumama jiki.

Don ya kawar da tunanin, sai ya koma kan maganar jini. Ya karɓo jan ruwan zaƙin nan da ake zuba wa ƙanƙara, ya cika bokiti, ya shafe ƙirji da wuya da baya har damisa suka zama kamar sun yi wanka da shi. Sannan ya jingina da bishiyar mangwaro yana yi wa mata bayanin yadda ake mutuwa a fim.

Mangwaron nan kuwa gidan jajayen cinnaku ne. Ba su taɓa ganin abinci ya kawo kansa da ƙafa ba.

Bunthan ya yi tsalle ɗaya da ya fi duk wanda ya taɓa ba da labari. Ya mari wuya, ya mari ciki, ya juya kamar katantanwar wasa, hannu ɗaya a cikin wando.

"Malam, wannan wane salo ne?" in ji Samruay, ido waje.

"Salon… wayyo… damisa mai fushi!"

Damisa mai fushi ta yi baya da ƙafa ta harbi bokiti. Bokiti ya tashi ya kife a kan kwandon da Lamduan ta ajiye kusa da teburinta, wanda ke cike da zannuwan da ta tanada don biki.

Lamduan ta ɗaga zani ɗaya, jan ruwa na ɗiga. Ta dube shi. Ta dubi zanin. Da ma ta yi zagi, da Bunthan ya samu sauƙi. Ta ɗauki kwandonta ta nufi rijiya.

Da rana ta ɗan karkata, haske ya yi daidai. Samruay ya hau rufin a-kori-kura da kyamararsa inda zai hango rumbu da lungu da gindin tsamiya duka. Mutanen ƙauyuka uku sun hallara, wasu a kan bishiya. Masu kiɗan dambe ma sun zo da gangarsu da algaitarsu ba a gayyace su ba.

"Malam, ka ji ni da kyau," in ji Samruay. "In na murɗa, na murɗa. Ba ni da wani fim. Ko sama ta faɗo, ka ci gaba."

Bunthan yana saman rumbu, ƙasa ta yi masa nisa fiye da yadda ta yi a zanen kara. Ya shafa bayansa iya inda hannu ya kai, ya yi wa damisa raɗa: "Ku tashi, yau ranarku ce."

"Mu je!" in ji Samruay.

Ya rufe ido ya diro. Abin mamaki, ya sauka cikin tarin ciyawa lafiya lau. Taro ya yi shewa. Ya miƙe yana buɗe ƙirji, yana neman inda Lamduan take, sai ƙwaurin Jod ya sauka a cinyarsa. Tau!

Bunthan ya jira damisa su karɓa. Ba su karɓa ba. Wataƙila zaƙin ya sa su barci.

"Wannan na uban budurwata ne, Kawu," in ji Jod cikin fara'a. "Saura nawa."

Bunthan bai tsaya karɓar na Jod ba. Ya zura da gudu, ƙarti takwas a bayansa.

"Madalla!" Samruay na ihu daga rufin mota. "Gudun nan kamar gaske! Lungu, Malam, lungu!"

Ya sha kwana ya faɗa lungu. Lungun da ya auna da safe yana fayau. Yanzu kuwa igiya ce daga ginshiƙin gidan Lamduan zuwa shinge, zannuwa jere a kanta daga wannan gefe zuwa wancan, suna ɗigar ruwa.

Wanda bai ga birkin da Bunthan ya ja ba, bai ga birki ba. Dugadugansa suka yi noma a ƙasa, hannuwa na iyo a iska, hancinsa ya tsaya saura kaɗan ya taɓa wani zani mai furanni. Piak, wanda shi ma yake da laya mai irin wannan dokar a damtse, ya hango ya tsaya. Na bayansa ba su hango ba. Suka zubo ɗaya kan ɗaya, gwiwa a haƙarƙari, goshi a ƙeya, Bunthan ya rungume ginshiƙi da hannu da ƙafa don kada a tura shi gaba.

"Wuce!" in ji Samruay. "Sunkuya ka wuce!"

"Ai sunkuyawar ce masifar!"

"Fim na tafiya!"

"Ya tafi!" Bunthan ya ɗaga kai. Lamduan tana zaune a barandar sama tana fifita da murfin kwando. "Lamduan! Ƙanwata! Kwashe zannuwan nan!"

"Ba su bushe ba."

"Rayuwata ce!"

"Wa ya jiƙa su?"

Ya dubi hagu: ƙarƙashin gidanta a buɗe, hanya shar, amma ga ta nan a sama.

"To sauko ƙasa in bi ta nan!"

"Nan na fi ganin fim."

Ya dubi dama: ayaba ta leƙo ta kan shinge da wani ƙaton nono nata na 'ya'ya, kamar da gangan. Ya dubi baya: Piak ya miƙe yana karkaɗe ƙura.

"Kawu," in ji Piak a hankali, "ka tuna zakaran nan mai jan wuya?"

Ba wanda ya san yadda mutum mai tumbi irin na Bunthan ya haye shinge, ta ɗan wurin da babu ayaba. Ya haye dai. Ta can gefen kuma ɓaunar tana ɗaure tana tuƙa, tana jiran fitowarta. Ya sauka a bayanta daram, sai dai fuskarsa wutsiya take kallo.

Masu kiɗa suka ga jarumi ya hau ɓauna kamar yadda aka tsara, suka saki ganga da algaita iya ƙarfinsu. Ɓauna ba ta cikin waɗanda aka yi wa bayani. Ta tsinke igiya ta fita a sukwane, ta zagaya bayan gida ta ɓullo fili, Bunthan riƙe da wutsiya yana kiran sunan uwarsa da ta kakarsa.

"Kada ka sauka!" Samruay na tsalle a rufin mota. "Kai, wannan ko a Bangkok babu!"

A gindin tsamiya akwai kwatamin ruwa. Ɓauna ta gan shi ta tsaya cak. Bunthan bai tsaya ba.

Ya tashi sama, wannan kowa ya shaida. Har gwiwa ɗaya ta yi gaba, ko da yake baya yake tafiya. Ya bi ta kan tebur, ƙafarsa ta ɗauke turmin barkono, ya sauka da mazaunai cikin babbar randar da Lamduan ke tsuma kifi da gishiri tun bara. Randa ta haɗiye shi har ƙirji, ƙafafu da hannuwa a sama. Ruwan kifi ya yi feshi har kan masu kiɗa.

Ganga ta mutu. Ba ka jin komai sai kyamara tana ƙirrr.

Cikin randa, Bunthan ya yi lissafi da sauri. In ya buɗe ido, dariya. In ya yi magana, dariya. Sai ya koma ga aiki ɗaya tilo da ya taɓa koya a fim: ya saki wuya, ya zaro harshe kaɗan, ya mutu.

Kuma, a gaskiya, ya iya.

"Kun kashe shi!" uwar Piak ta ɗora hannu a ka. Samarin suka zube a gwiwa. Lamduan ta sauko daga bene ba ta ko taka matakalar ƙarshe ba, murfin kwando ya faɗi, ta ture mutane ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Yaya Bunthan! Kai, Bunthan! Buɗe ido, sakarai, wa ya ce ka mutu a randata?"

Bunthan ya ji wani daɗi ya ratsa shi har cikin ruwan kifi. Ya yanke shawarar ya ƙara mutuwa kaɗan.

Sai dai hannun Lamduan hannun mai daka barkono ne, garin turmin kuma bai gama sauka daga iska ba.

Hancinsa ya motsa. Ya danne. Ya ƙara motsawa.

"Haa… haaa… HATSII-iiiik!"

Hawa uku, da kukan kwikwiyo a ƙarshe.

Kyamara ta yi ƙat, fim ya ƙare. Samruay ya sauke ta a hankali. Ya sauko daga mota, ya ratsa taro kamar mai tafiya cikin mafarki, ya tsaya gaban randa yana leƙa fuskar Bunthan, yana cire gashin baki da tumbi da ido.

"Wannan atishawar," ya ce. "Na san wannan atishawar. Shekara da shekaru tana zuwa mini a barci." Ya nuna shi da yatsa. "Gawa! Kai ne gawar! Ni na tsinto ka a tasha! Saboda kai aka kore ni!"

"Wace gawa?" in ji uwar Piak.

Samruay kuwa mai saka murya ne. Nan take ya kwanta a ƙasa ya yi gawar, ya tashi ya yi jaruma mai kuka, ya koma ya yi atishawar, ya yi darakta yana jifa da takalmi. Mutane suka riƙe ciki. Wani ya faɗo daga bishiya. Lamduan ta saki fuskar Bunthan, ta goge hannu a zani, ta koma sama ba ta waiwayo ba.

Sai da aka fasa randar kafin a fitar da shi.

Makonnin da suka biyo baya, babur mai ƙafa uku ya yi shiru. Fasinja na toshe hanci, karnuka na rakiya. Yara in sun hango shi sai su zube a hanya su yi atishawa. Bencin gindin tsamiya kuwa ko kallonsa bai ƙara yi ba, ta bayan kasuwa yake zagayawa.

Ranar biki, rana na faɗuwa aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin gora biyu a filin haikali. Samruay ba shi da wani ƙarshen, don haka da wannan ya zo. Bunthan ya lallaɓa ta bayan ƙyallen ya tsuguna shi kaɗai, inda hoto ke fitowa a juye, ya ja hula har hanci.

Da aka zo wurin, Samruay ya ba shi wata ƙatuwar murya ta jarumai. "Ku taho, ko ku dubu ne!" Sai ga zannuwa, muryar ta koma ta ɗan tsako: "Inna, zani!" Filin ya kece. Masu sayar da gasasshiyar kaza suka bar kaza na ƙonewa. Aka yi ta ihun a maimaita, Samruay ya juya fim ɗin baya, sai ga Bunthan ya fito daga randa ya tashi sama ya sauka a kan ɓauna. Har babban malamin haikali sai da ya rufe baki da gefen mayafinsa, kafaɗunsa na rawa.

"Daga nan ma ana gani ashe."

Bunthan ya ɗago. Lamduan ce tsaye a kansa, da zanin nan mai furanni, da ɗan kwandon shinkafa mai danƙo a hannu.

"Na ce in na gan ka kana yin abin da bakinka ke faɗa," ta ce. "Ban gani ba."

"Na sani. Na riga na nemi wani bencin."

"Bencin wa? Wa zai karɓe ka da wannan warin?" Ta zauna, ba kusa sosai ba. "Amma na ga abin da bakinka bai taɓa faɗa ba. Ƙarti takwas na bin ka, ka gwammace su daka ka da ka bi ta ƙarƙashin zanina. Marigayi mijina, ko tukunya na jefe shi da ita ba ya tsayawa in zai fita. Kai jiƙaƙƙen zani ya tsayar da kai cak." Ta tura masa kwandon. "Ka aiko manya. Su zo da sabuwar randa."

Bunthan ya dubi kwandon, ya dube ta. Sannan a hankali ƙirji ya fara kumbura, hannu ya tafi gashin baki.

"Ai da ma da gangan na tsara shi haka. Ka ga, a Bangkok, irin wannan salon na ban dariya sai ƙwararru. Kuma ki lura, ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Damisa sun yi aikin…"

Lamduan ta zare ɗan ƙyallen da ke kafaɗarta ta ɗaga shi sama kaɗan, daidai saitin kansa.

Bunthan ya yi ƙasa da kai kamar kunkuru, ya cika baki da shinkafa.

Yanzu labarin babur mai ƙafa uku ya dawo, har ya ƙaru: ɓaunar ta zama uku, randar ta zama rijiya. Sai dai tun da ya auri Lamduan, da yamma ba a cika ganin Bunthan a wajen masu shan giyar shinkafa ba. Gidan Lamduan ba shi da kwaɗo a ƙofa, ba ta taɓa saya ba. In tana so ya zauna a gida, igiya take ɗaurawa a bakin matakala ta shanya zani ɗaya, ko busasshe ne. In ka wuce za ka hango mai tsara faɗan Bangkok zaune a baranda yana fere mata gwanda, yana leƙen zanin yana tambaya a hankali, "Ƙanwata, bai bushe ba har yanzu?"